Wahalar Mai Ƙidayar Tsuntsaye

Manomi yana shan rana, amma da kaka ya cika rumbu. Falke yana shan tafiya, amma in ya komo gida ya ƙirga riba. To, akwai waɗansu mutane da ke shan rana kamar manomi, suna shan tafiya kamar falke, ba kuwa wanda ke biyansu ko kwabo. Su ne masu sa kai ga aikin ƙidayar tsuntsaye. Ga labarin ɗaya daga cikinsu, wani malamin makaranta na ƙasar Rimaye, domin mai karatu ya auna da kansa ko wahalarsa ta banza ce.

Da farko sai a san asalin aikin. Tun a 1964 masu sha'awar tsuntsaye suka kafa ƙungiya a Nijeriya, suna rubuta abin da suka gani. A 2001 aka buɗe wata cibiyar binciken tsuntsaye kusa da Jos, ana ce da ita APLORI, tana aiki tare da Jami'ar Jos. A 2015 kuma aka fara wani babban aiki na sanin inda kowane irin tsuntsu yake zaune a ƙasar nan, gama irinsu ya fi 900. Aka ɗauko taswirar Nijeriya aka yanka ta gida-gida, kamar gurbin dara, gida fiye da 11,000. Kowane gida tsawonsa wajen kilomita 9 ne, faɗinsa ma haka, watau kamar mil biyar da rabi. Ƙa'idar ita ce mutum ya shiga gida ɗaya, ya yi aƙalla awa biyu yana yawo, ya rubuta kowane irin tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, sa'an nan ya aika da lissafin ta waya. Ma'aikatan cibiya ba su isa su taka gidajen nan duka ba. Don haka aka nemi mutanen da za su yi don ra'ayin kansu.

Malamin nan yana cikin waɗanda suka amsa. Wahalarsa ta fari ita ce sammako. Tsuntsu da sassafe yake kuka, yake kiwo. Da rana ta take sai ya shige inuwa ya yi tsit. Saboda haka da an idar da sallar asuba malam ya hau babur, ya nufi fadamun da ke tsakanin Kankiya da Kusada. Da hunturu sanyi ya kama masa yatsu har alƙalami ya gagare shi riƙo, hazo kuma ya rufe sararin, madubin hangen nesa ya zama ba shi da amfani. Da bazara kuwa, kafin ƙarfe goma ruwan gorarsa ya yi zafi kamar an ɗora a murhu. Da damina ga laka, ga sauro. Da kaka ƙarangiya ta cika masa wando, tsidau ya huda takalmi. Yana tafe idonsa na bisa itace, alhali kububuwa tana ƙasa cikin yayi. Fetur daga aljihunsa, facin taya daga aljihunsa. Wata rana ya yi awa biyu cur, bai samu kome ba sai kurciya da hankaka da belbela, amma tilas ya rubuta su haka nan, domin ƙarya ita ce ke ɓata wannan aiki.

Duk wannan wahalar jiki ce, mai wucewa. Wadda ta fi ta ciwo ita ce ta bakin mutane. Yara suka sa masa suna malamin tsuntsu. Abokansa na majalisa suka riƙa tambayarsa ko yau ya kamo na miya. Uwargidansa ma ta ce kuɗin fetur ɗin nan da mudun gero aka auno da shi da ya fi. Gaskiya ta faɗa, ba a kuwa ga laifinta ba.

Akwai kuma hatsari. Tun da ɓarayin daji suka addabi waɗansu sassa na ƙasar Katsina, mutanen ƙauye ba sa sake jiki da baƙon da suka gani a bayan gari da madubi a ido, yana danna waya. Wata safiya samari suka kewaye malam a gindin wata kuka, da sanduna, suna cewa ɗan leƙen asiri ne. Suka tasa shi gaba har ƙofar mai gari.

Mai gari ya dube shi ya ce, "Malam, me ya kawo ka gonakinmu ba sallama?"

Malam ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsaye nake ƙirgawa. Na yi kuskure da ban fara zuwa na yi gaisuwa ba."

Wani dattijo da ke gefe ya yi dariya ya ce, "Ɗana, nawa ake biyanka?"

Ya ce, "Ko sisi, baba."

Dattijo ya ce, "To, ko hauka ko ƙarya, ɗaya dai."

Malam ya ce, "Baba, in yi tambaya? Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta?"

Sai wuri ya yi shiru. Dattijo ya sunkuyar da kai yana tunani, can ya ce da yana yaro sai an kore su da sanda ranar kasuwa, amma yanzu ya manta rabonsa da ganin ko ɗaya. Malam ya ce abin da ya fito da shi ke nan. Ungulu ta ɓace a gaban idon kowa, ba wanda ya lura, domin ba mai rubutawa. Sai a 2015 masana na duniya suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Guba da farautar masu sayar da sassan jikinta sun cinye ta. Ita ce kuwa mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Mai gari ya sallame shi, ya haɗa shi da yaro ya nuna masa hanyar tafki. Tun daga ran nan malam bai sake shiga ƙasar kowa ba sai ya fara faɗuwa gaban mai ita, inda aka ce masa kada ya je kuwa ba ya zuwa.

Mai karatu zai ce, to, me talaka zai ƙaru da shi? Ga misali. Kowane manomin gero da dawa ya san ɓarnar jan-baki. Wani Bature mai suna Peter Ward ya zauna a wajen Tafkin Chadi yana binciken tsuntsun nan, ya buga abin da ya gano a 1965. Ya tarar ainihin abincinsa ƙwayar ciyawar daji ce. Idan ruwan fari ya sauka, ƙwayar ta tsiro, sai yunwa ta kore shi zuwa inda damina ta riga ta yi nisa, daga baya ya komo ya yi sheƙa. Sanin wannan tafiya tasa shi ke nuna wa ma'aikatan gona lokacin da za su sa ido da inda za su nema. A 1967 kuma waɗansu masana suka je Malamfatori, suka kafa raga suna kama ƙananan tsuntsaye, su auna su, su sa musu zobe a ƙafa, su sake su. Suka ga yadda 'yan tsuntsayen nan ke tara kitse a bakin tafkin kafin su ƙetare Sahara zuwa Turai. Duk ilmin nan da zufa aka same shi.

Mutanen karkara ma ai ba baƙin wannan sani ba ne. Kowa ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ya san lokacin gyaran gona ya yi. Bambancin kawai shi ne, sanin tsofaffi yana cikin kai, in mai shi ya rasu ya tafi da abinsa, na malam kuwa yana rubuce, da rana da wata da wuri. Bayan shekara ashirin wani zai buɗe ya gane ko gauraka ta ragu, ko shamuwa ta sake lokacin zuwa.

Malam bai yi arziki ba, har yanzu kuma ana yi masa ba'a jefi-jefi. Amma dattijon nan da ya ce masa mahaukaci, shi ne ya aiko jikansa wata rana da saƙo, wai a gaya wa malam ya ga ungulu biyu a kan rimi, ya zo maza ya rubuta.

Wanda ya koyi karatu da rubutu, ko da girma ya koya, ya sami abin yin irin wannan aiki. Littafi ɗaya da fensir sun isa a fara. In kuwa ba zai iya ba, to, idan ya ga mai yi a bayan gari, ya tambaye shi cikin hankali, ya ba shi ruwa ya sha, ya nuna masa hanya.