Gardi, Dami da Ƙodago

Duk lokacin da ƙungiyoyinmu na raya al'adu suka zauna lissafa wasannin da ya kamata a ceto daga ɓacewa, jerin ba ya sauyawa: langa, dara, kokowa, dambe, gaɗa. Ban taɓa jin wani ya ɗaga hannu ya ce a ƙara da babifut ba, kuma na san dalili. Abu ne na Nasara, da ƙarfe da katako aka yi shi, sunansa ma baƙo ne. Amma mu da muka tashi a ƙasar Adar a ƙarshen shekarun 1980, in za mu faɗi gaskiya, sa'o'in da muka kashe a bakin wannan teburi sun ninka waɗanda muka yi muna langa. Ina ganin ya cancanci a yi maganarsa a waɗannan shafuka, musamman saboda abin da ya yi wa harshenmu.

Kafin teburi ya iso Deule, da murafen kwalba muke ƙwallo. Sai a share ƙasa, a zana fili da tsinke, a kifa rabin kwalin sukari a kowane gefe a matsayin raga, kowa ya jera murafensa goma sha ɗaya, a riƙa ɗan su da yatsa suna tura ɗan tsakuwa. Murfi dukiya ne a lokacin, don lemun kwalba ba abin sha ba ne na yau da kullum a ƙauye. Wanda ya bi babansa kasuwar Buza ko Madawa ya dawo da aljihu yana ƙara, ranar shi ne sarki.

Teburin kuwa wani ɗan cin rani ne ya zo da shi daga Abijan, a ɗaure bisa mota tare da katifa da rediyo. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yankinmu. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙarancin ruwa, kuma bayan farin 1984, shekarar da aka soma babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya, da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa a Kwaddibuwa ko Najeriya. Wasu sun dawo da keken ɗinki, wasu da injin niƙa. Shi wannan bawan Allah ya lissafa cewa dalar yara ma kuɗi ce. Ya kafa teburin a rumfar zana kusa da kasuwa, ya sa dala biyu kowane wasa. Sai bayan karya darajar sefa a watan Janairun 1994 ya mai da shi dala biyar, kuma na tuna mun yi masa yaji na kwana uku kafin kwaɗayi ya mai da mu.

Ga wanda bai taɓa kula da tsarinsa ba: akwati ne mai ƙafa huɗu, sanduna takwas na ƙarfe sun ratsa shi, huɗu ga kowane ɓangare. A sandar farko mai tsaron gida shi kaɗai, ta biyu mutum biyu, ta uku mutum biyar, ta huɗu mutum uku. Goma sha ɗaya ke nan, kamar a fili. Namu ja da shuɗi ne, ko in ce sun taɓa zama ja da shuɗi. Ƙasan rumfar ba daidai take ba, sai aka sa dutse ƙarƙashin ƙafa guda, duk da haka ƙwallo na gangarawa gabas, shi ya sa dokarmu ta ce a yi musanyar gefe da zarar wani ya ci biyar. In hunturu ya shigo ƙura ta daskare sandunan, mai teburi ya shafa musu man gyaɗa, hannuwanmu su yini suna ƙanshin ƙuli-ƙuli. Da ƴan wasa biyu suka karye, masassaƙin turmi ne ya sassaƙa madadinsu da icen aduwa, suka fito da manyan kawuna, sun fi sauran nauyi, kowa na son gefen da suke. Ƙwallayen asali, masu sauƙi kamar totuwa, ba su kai damina biyu ba. Sai muka koma ga ƙodagon goruba, a goga shi a dutse har ya yi mulmul. Ƙararsa in ya daki bangon akwatin ana jin ta daga bakin rijiya.

Na girma na karanta cewa Turawa da kansu ba su daidaita kan wanda ya ƙirƙiro wasan ba. Ingilishi na da Harold Thornton, wanda ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1923. Faransawa na ambaton injiniya Lucien Rosengart. Mutanen Sifen na da Alejandro Finisterre, wanda bom ya raunata a Madrid a 1936 lokacin yaƙin basasa, ya ga yara a asibiti ba su iya gudu balle buga ƙwallo, ya yi musu teburi, ya yi rajistarsa a 1937. Labarin nan na ƙarshe ya fi kwanta mini, ko don na san wani yaro a cikinmu da shan inna ta nakasa wa ƙafa, wanda ba a taɓa zaɓa ba in ana raba ƙungiya a fili, amma a bakin teburi sai an yi layi ana roƙon ya zama abokin wasa. Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na malamin harshe shi ne sunan. Faransawa sun ɗauki kalmomin Ingilishi biyu sun haɗa “baby-foot”, sunan da Ingilishi kansu ba su amfani da shi. Jamusawa na cewa “Kicker”, mutanen Sifen “futbolín”, Italiyawa “calcio balilla”. Kowa ya yi wa baƙon suna da bakinsa. Mu ma haka muka yi, sai dai ba wanda ya rubuta namu.

A makarantun boko na wancan zamani, al'adar “sambol” ba ta gama mutuwa ba. Wani ƙashi ne ko gwangwani da ake rataya wa yaron da aka ji ya yi Hausa, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda ya wuni da shi ya sha hukunci. Faransanci a wurinmu harshe ne na tsoro, ana furta shi a tsaye, hannuwa a harɗe. A rumfar babifut kaɗai na ga ya sauko ya zauna a ƙasa tare da mu. Mai teburi ya zo da kalmomin wasan daga Abijan, mu kuma muka karɓa muka tanƙwara su. “Gardien” ya zama gardi, kuma ya dace, don gardi mutum ne da ba ya tsoron duka. “Demis”, mutum biyar ɗin nan na tsakiya, suka zama dami, tun da a ɗaure suke wuri guda kamar damin hatsi. Dokar Faransawa ta hana ci kai tsaye da su, mu kuma muka ce dami ba ya shiga rumbu da kansa. “Roulette”, wato sakin sanda ta yi ta juyawa, wanda haramun ne a ko'ina, ba mu ma ari sunanta ba: kaɗi muke ce mata, kuma wanda ya yi sai a tambaye shi ina ya baro mazarin kakarsa. “Gamelle”, ƙwallon da ya shiga raga ya sake fitowa don ƙarfin bugu, ita ta riƙe sunanta, gamel, wataƙila don daɗin faɗa. Wanda aka yi wa goma da babu, Faransawa na cewa ya yi “Fanny”, ya bi ta ƙarƙashin teburi. Mu ba mu san ko wace ce Fani ba, amma mun san rarrafe, kuma kalmar ta fita daga rumfa ta shiga gari, har uwa kan ce wa ɗanta da ya dawo daga talla bai sayar da komai ba: “Yau fani ka yi ke nan?”

Ba wanda ya koya mana ka'idar aron kalma. Daga baya a jami'a na tarar da ita a littafi da sunaye masu nauyi, na gane ashe mun riga mun aikata ta duka muna ƴan shekara goma: mun daidaita sautin baƙuwar kalma da bakinmu, mun jingina ta ga wadda muka sani, inda muke da tamu kuma muka ƙi ara.

Akwai wani abu kuma. Garinmu na da makaranta iri biyu, ta allo da lakwal, kuma yaransu ba su cika cuɗanya ba. Kowane ɓangare na da sunan tsokana da yake kiran ɗayan. A teburi dole mutum biyu su haɗu a gefe guda, ɗaya ya riƙe baya ɗaya gaba, kuma ba ruwan ƙodago da allon wanka ko na alli. Almajirai sun koyi ƙirga ɗaya zuwa goma da Faransanci ba tare da bulala ba. A watan Yunin 1990, da muka ji a rediyo Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema, sannan Roger Milla, yana da shekara 38, ya ci ƙwallaye huɗu a gasar, sai ɗan wasan tsakiya na sandar gaba ya zama Milla a gefen ja da na shuɗi duka, aka yi ta rigimar wane ne na gaske. Ba zan ce komai na rumfar alheri ne ba. Dattawa sun kira shi caca, kuma da samari suka soma ɗora kuɗi a kai maganarsu ta sami ƙafa. Ƴan mata kuwa suna tsaye da farantan talla a ka suna kallo, sun san dokokin sarai, suna gyara mana lissafi in mun yi maguɗi, amma ban taɓa ganin an miƙa wa ɗayarsu sanda ba.

A 1934 Bargery ya buga ƙamusunsa, bai raina ko sunayen wasannin yara ba, shi ya sa muke iya gano wasu da suka riga suka mutu. Tun 1973 aka soma gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki. Yanzu za a yawaita zaman ƙirƙiro kalmomi na lissafi da kimiyya da wasanni, kuma na halarci irin wannan zama isasshe har na san yadda yake: manya a daki mai sanyi suna ƙera doguwar kalma mai gaɓa bakwai wadda ba yaron da zai furta yana gudu. Ina roƙon abokan aikina malamai, kafin a ƙera sabuwa a fara aika ɗalibai su tambayo wadda ke akwai.

Ni na gwada a ajina bara. Na ce kowa ya kawo kalmomin da ake faɗa a wurin wasa a unguwarsu, kowane irin wasa. Yawancin abin da suka kawo na ƙwallon wayar salula ne da na gidajen kallo, rabi Faransanci rabi Ingilishin Najeriya. A takardar wata yarinya ƴar asalin wajen Buza na ga an rubuta “dami: ƴan tsakiya”. Na tambaye ta inda ta samo. Ta ce wajen mahaifiyarta, wadda ta yi tallan ƙosai tana ƙarama.