Abin Da Na Gani A Kano Da Damina

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka taimake ni da ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi zuwa Kano a daminar da ta wuce, da abin da idona ya gani game da sha'anin ruwan sama da gine-gine. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin labarin ambaliya a bakin mutane, amma ban san zafinta ba sai da ta same ni kwance a kan tabarma.

Na tashi daga Zariya cikin watan Agusta don in ziyarci wani tsohon abokina, malamin makaranta, wanda ke zaune a wata unguwa cikin birni. Na isa da la'asar, ya yi mini kyakkyawan masauki a ɗakin da ke kusa da zaure. Bayan sallar lisha hadari ya taso daga gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Can cikin dare sai na ji sanyi ya taɓa mini ƙafa. Na haska fitila sama, na ga rufi lafiya lau. Ashe ta ƙofa ruwan ya shigo. Kafin mu kwashe kaya ya kai mana ƙwauri, littattafan abokina da ke cikin akwati a ƙasa duk suka jiƙe. Muna cikin haka sai muka ji rugugi da salati daga gidan maƙwabci: katangar ɗakinsa ta ƙasa ce ta zube. Allah ya kiyaye, ya riga ya fid da 'ya'yansa, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Da gari ya waye na ce wa abokina, "Malam, haka kuke fama kowace shekara?" Ya ce, "Wallahi shekarata ashirin a gidan nan, ruwa bai taɓa tsallake dokin ƙofata ba sai shekarun nan uku. Zo in nuna maka dalili." Muka bi wani lungu, muka ɓulla wani wuri mai jerin kantuna na bulo da siminti, an daɓe gabansu tas. Ya ce, "Nan kududdufinmu yake dā." Wani dattijo da ke zaune a dakali ya ji mu, ya ce mini, "Ɗana, kai baƙo ne ko? Duk ruwan lungunan nan a nan yake sauka tun kakanninmu. Aka yi ta zuba shara har bakinsa ya cike, sa'an nan wata rana muka ga motoci suna juye ƙasa. Wanda ya gina ya sami kuɗin haya, mu kuwa muka sami ruwan." Na ce, "Baba, ba ku yi magana ba?" Ya ce, "Mun yi, amma sai da gini ya kai linta."

To, jama'a, ya kamata mu tsaya mu fahimci aikin kududdufi. Mutanen dā da ƙasa suke gini, daga nan kusa suke haƙo ta su yi tubali, ramin da ya rage shi ne kududdufi. Saboda haka kowace unguwa da ta tashi, ta tashi ne tare da wurin da zai karɓi ruwanta. Ruwa ya sauko ta indararo, ya fita ta rariya, ya bi kwata, ya tafi kududdufi ya kwanta, wani ya nutse cikin ƙasa ya ciyad da rijiyoyi, wani rana ta shanye. Yanzu kuwa daga nesa ake kawo siminti da yashi, gida ya tashi ba ramin da ya bari, ga kwano a sama, ga daɓe a tsakar gida, ba inda ɗigo zai nutse.

Malaman lissafi su gwada wannan su gani. Fili mai ƙafa 50 tsawo da ƙafa 50 faɗi, in aka yi ruwa inci 2 a kansa, abin da ya zuba ya kusa lita 11,800, watau kusan duro 60 irin mai cin lita 200. In an rufe filin duka da kwano da siminti, kusan dukan wannan ruwa titi zai fita, cikin sa'a ɗaya ko biyu. To, a ninka wannan sau gidaje dubu, sa'an nan a tuna an cike ramin da ke karɓarsa. Ina zai tafi, in ba ɗakin wanda gidansa ya fi gangare ba? Shi kuwa galibi talaka ne mai ginin ƙasa.

Ganin haka ya sa na ƙudura sai na bi ruwan nan na ga inda yake ƙarewa. Kashegari muka bi kwata daga wannan lungu zuwa wancan, har ta kai mu Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi. Wannan ruwa ya girmi birnin kansa, don Tarihin Kano ya ambaci kurmin Jakara tun zamanin Barbushe, kafin a fara ganuwa a zamanin Sarki Gijimasu. A gefensa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar. Bature Clapperton da ya zo a 1824 ya tarad da fadama ta raba birnin kusan biyu, haka kuma Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya ga Jakara a 1851 ya rubuta labarinta. Abin nufi, magabata sun san nan ne ƙasan kwarin da ke tattara ruwan birni, suka bar masa wurinsa, suka zauna a kan tudu.

Abin da na tarar ya bambanta da wannan ƙwarai. A zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka fara aikin gina wa Jakara hanya ta kankare da shimfiɗa titi a kanta. Babban aiki ne, ba mai musu. Amma babbar magudana ba ta amfani sai ƙananan da ke kawo mata ruwa sun buɗe. Na ga lambatu da yawa cike da leda da robobi da yashi. Na ga inda mai shago ya rufe kwata da siminti don masu ciniki su sami wurin tsayawa, bai bar ko kafar da za a sa shebur ba. Na ga inda katangar gida ta hau kan lambatu ta cinye rabinsa. Kowa ya ci taki ɗaya, yana ganin nasa ba kome ba ne, alhali kuwa takun nan ne suka taru suka toshe hanya.

Daga nan muka fita birni muka biya ta Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi. 'Yan kasuwa ba su manta da watan Agusta na 1988 ba, lokacin da ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Kano, har madatsar Bagauda ta ɓalle. Balle kuma Agusta na 2022, da ruwa ya shiga kasuwar kanta ya lalata atamfofi da shadda na kuɗi masu yawa, aka yi ta kuka da toshewar magudanai da gini a kan hanyar ruwa. Jakara kuwa takan wuce ta wajen Fagge da Sabon Gari, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, sa'an nan ta tafi madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A bakinta 'yan lambu ke ban ruwa, su kawo latas da alayyafo kasuwa. Ashe abin da muka zuba a kwata yakan komo mana a cikin kwanon miya.

Wani zai tambaya, shin ba doka ne? Akwai ta, har da yawa. Tun 1946 Turawa suka kafa dokar tsara birane. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna, shi ke ba da filayen birni, ƙaramar hukuma kuma ta kula da na karkara. A 1992 aka sake yin dokar tsara birane da yankuna ta Nijeriya, wadda ta ce kada a yi gini sai da izni. A Kano hukumar KNUPDA, wadda dā ake kira KASEPPA, ita ke duba zanen gini ta ba da izni, REMASAB kuma ita ke da sha'anin kwashe shara. Malamanmu kuma sun san shari'a ta hana mutum ya cuci maƙwabcinsa da ruwan gidansa. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, littafi guda ya rubuta kan hukunce-hukuncen gini bisa mazhabar Malikiyya, ciki har da maganar indararo da magudanai tsakanin maƙwabta.

To, me ya sa doka ba ta tare ruwan ba? Na kai wannan tambaya wurin mai unguwar abokina. Bayan mun gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, yaya aka cike kududdufi a ƙasarka?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, a zamanin mahaifina, lokacin En'e, ba mai aza tubali sai ya sani, duba-gari kuma yana zagawa gida gida. Yanzu mutum yakan zo da takarda a hannu, ni kuwa ba a tambaye ni ba kafin a rubuta ta. Na san inda ruwa ke bi, amma ba ni da iko. Mai iko kuma yana ofis, bai taɓa ganin lungun nan da damina ba." Wannan magana ta zauna mini a rai. Sani yana wuri ɗaya, iko yana wani wuri. Ga shi kuwa a bayan gari abin ya fi haka, inda ake yanka gonaki da fadamu ta awon igiya, a sayar da rani lokacin da ko'ina ya bushe, ba a fid da titi sosai ba balle lambatu. Mai saye bai san a kan hanyar ruwa ya saya ba sai Agusta ta zo.

In kuwa doka ta makara, sai ta zo da jan fenti da katafila. Mun ga rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023 na gine-ginen da gwamnati ta ce an yi a filayen jama'a, da shari'o'in da suka biyo baya. Ba shiga wannan gardama zan yi ba. Abin da na ɗauka kawai shi ne, hana aza harsashi ba ya cin ko kwabo, amma rushe bene asara ce ga mai shi da gari baki ɗaya. Tun ran gini, tun ran zane.

Kada a ce na rufe ido ga ɗaya gefen. Kududdufi yana haifad da sauro, yana wari da bazara, yakan ci yara. Mutane kuma sun yawaita, ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, kowa kuwa yana bukatar wurin kwana. Ban ce a bar kowane rami yadda yake ba. Na ce dai ramin nan aiki yake yi, wanda zai kore shi daga aiki wajibi ne ya kawo madadinsa tukuna.

Saboda haka ga shawarata, in manya za su duba. Na farko, kowace ƙaramar hukuma ta zauna da masu unguwanni da dattawa a zana taswirar hanyoyin ruwa da kududdufan da suka rage, a yi wannan da damina, a kafe ta inda kowa zai gani. Na biyu, kada a ba da iznin gini sai zanen ya nuna inda ruwan gidan zai bi har ya sadu da magudana, a kuma ji ta bakin mai unguwa a rubuce. Na uku, wanda zai yanka fulotai ya fid da titi da lambatu kafin ya sayar da ko ɗaya. Na huɗu, kududdufan da suka rage a yashe su, a kewaye su, a dasa itatuwa a bakinsu. Na biyar, mai gida ya bar wani yanki na tsakar gidansa ba daɓe. Mu kuma talakawa mu daina mai da kwata juji, in mun yashe ta ran tsabtar ƙarshen wata kada mu tara dagwalon a bakinta, ruwan farko ya mai da shi ciki. Malaman makaranta su koya wa yara wannan, akawuna masu riƙe da fayil kuma su ji tsoron Allah a kan abin da suke sa wa hannu.

Ran da zan komo na bar abokina yana shanya littattafansa a rana, maƙwabcinsa kuma yana kwaɓa ƙasa zai ta da katanga a daidai inda ta faɗi, don ba shi da wani wurin. Da na iso Zariya na bi ta unguwarmu, sai na lura an fara juye ƙasa a bakin namu kududdufin, abin da dā nake wucewa ban kula ba. Washegari na tafi wurin mai unguwarmu, shi ya sa kuma na ɗauki alƙalami. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon 'yan'uwa na Katsina da Sakkwato da Bauci da sauran garuruwa su rubuto mana yadda abin yake a wurarensu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrinta, amin.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani malamin makaranta, Zariya.