Hutu ma horo ne

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san samarinta ba su rasa jimiri ba. Yaron Tama, cikin gundumar Buza, da hawan dutse yake tashi, ya yi noma da damina, ya yi kokowa da kaka. Amma jimirin gona daban, na fagen tsere daban. Abin da ya raba su shi ne tsari, ginshiƙin tsarin kuwa hutu ne.

Masana lafiya sun nuna cewa dogon gudu yana yi wa tsoka ƙananan raunuka. Da barci da abinci ne jiki ke ɗinke su, har tsokar ta fi da ƙarfi. Wanda ya ɗora wahala kan wahala kullum, ƙarshenta ciwon gwiwa da kasala. Cikin zafin bazara kuma, mai gudu kan zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, tare da gishirin jikinsa. Saboda haka horo ya fi dacewa da asuba, a bi shi da ruwa, da fura da nono, da wake. Ko Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a 2019, yawancin gudun horonsa a sannu yake yin shi.

Sai dai hutu tsada gare shi. Saurayin da zai nemo hatsin gidansu ba ya kwanciya da rana, kuma da an gama girbi ci-rani ya janye shi.

A nan kokowa ta zama abin koyi. A Tawa aka fara gasar takobi a 1975, Kantu na Maradi ya ɗauke shi. Tun daga nan ɗan kokowa ya san abin da yake nema. Yana da makaɗin da ke zuga shi, da attajirin da ke yi masa kyauta. Mai gudu kuwa shi kaɗai yake fama.

Da ƴan kasuwar Madawa, Buza da Keita za su haɗa hannu da ma'aikata, su sa tseren shekara-shekara lokacin sanyi, su ɗauki cimar samarin wata uku kafin ranar, da an ga abin da ƙafar Ba'adare ke iyawa. Wanda ya ciyar da mai gudu har ya sami hutawa, shi ya yi masa rabin tseren.