Daga Gummi Zuwa Gidan Zoo: Inda Kuɗin Ke Tafiya

Magidancin Gummi ko Bukkuyum da ya yi wa 'ya'yansa alkawarin kai su Gidan Zoo na Audu Bako a Kano, su hau lilo su ga zaki, yakan ɗauka kuɗin shiga ne nauyin. Alhali hanya ce ke cinye guzurin: a bi ta Anka zuwa Gusau, a wuce Tsafe da Funtuwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mota ya zama dodon iyali.

Ana iya rage nauyin. Gida biyu su haɗu su ɗauki shatar mota ɗaya, a sauka wurin dangi maimakon otal, uwargida ta ɗaure dambu da soye tun daga gida. A kuma bar cunkoson Sallah ya lafa, lokacin da direbobi ke tsawwala farashi. Mai adashe ya nemi kwasarsa ta faɗo daidai hutun makaranta.

Tsimi ɗaya ne ban yarda da shi ba: tafiyar dare domin gudun kuɗin masauki. A hanyar Anka, da 'yan bindiga suka addaba, a tashi da hantsi, a sauka kafin la'asar, ko da hakan zai jawo kwana a Gusau.