Awon Abin da Ido Ba Ya Gani

Mu da muke koyar da kimiyya sau da yawa iyalanmu kan tambaye mu abin da muke yini muna aunawa a ɗakin gwaji, alhali ido bai ga komai yana motsi ba. To, sawun ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki muke bi, cikin tagulla da silikon da makamantansu.

Tafiyarsu iri biyu ce. Idan aka kunna turaren wuta a ɗaki, hayaƙin kan bazu da kansa, daga inda ya yi yawa zuwa inda babu shi. In iska ta taso kuwa, sai ta kwashe shi gefe guda. Haka ƙwayoyin nan suke: suna bazuwa da kansu, kuma batir yana iya tura su. Bazuwar tana da wuyar awo, turawar kuwa da sauƙi, domin lantarki kawai za a sa wa abin a ga yawan da ya ratsa shi. A 1905, yayin da yake nazarin motsin ƙura cikin ruwa, Albert Einstein ya nuna cewa tafiyar biyu a ɗaure suke da juna, zafi ne igiyar. Saboda haka wanda ya san yawan ƙwayoyin, ya auna turawar da zafin, lissafi zai ba shi bazuwar.

A 1949, a ɗakin binciken Bell na Amurka, Haynes da Shockley suka saki tarin ƙwayoyi a gefe guda na siririn sandan jamaniyom, suka jira shi can gaba. Lokacin isowarsa ya nuna saurin turawar, faɗin da ya ƙara a hanya ya nuna bazuwar.

Wannan ya shafi aljihunmu. A cikin farantin sola da ke kan rufinmu, hasken rana ne ke sakin ƙwayoyin, kuma dole su bazu su kai inda ake tattara su kafin su ɓace. In silikon ya gurɓace da ɗan baƙin ƙarfe, da yawa sukan ɓace a hanya, wutar gidan ta ragu. Da irin wannan awo masu ƙera farantin ke bambance mai tsabta da gurɓatacce. Shi ya sa in ƴaƴanmu sun kosa da lissafi, muke nuna musu rufin gida, mu ce daga nan fitilar karatunsu ta fito.