Ramin da ba ya cikin takarda

Akwai wata magana ta Faransanci da duk wanda ya taɓa shiga biro a ƙasar nan ya sani, ko da kuwa bai zauna bencin lakwal ba: « ce n'est pas prévu », wato ba a tanadi wannan ba. Da ita ake sallamar ƙaramin ma'aikaci idan ya kawo shawara, da ita ake rufe bakin manomi idan ya ce shi ba haka yake gani ba. A cikin aikina na jarida na ji ta a Ƙwanni, na ji ta a Tawa, na ji ta a Yamai. Sau da yawa mai faɗinta mutumin kirki ne, tsoro kawai ke ɗawainiya da shi: an ba shi takarda mai hatimi, a kanta za a yi masa hisabi ƙarshen shekara, to don me zai kauce mata saboda maganar wanda bai kai shi muƙami ba?

Mu da muka bi ta lise mun san inda wannan hali ya samo tushe. An horar da mu a kan cewa amsa tana cikin littafi, mai littafin kuma shi ne a gaban allo. Ranar da aka ɗora ɗayanmu bisa kujera, sai ya ɗauki ma'aikatar tamkar aji, shi ne mushe, saura duk ƴan makaranta.

Shi ya sa nake son masu karatu su waiwayi abin da ya faru a Illela. Illelar Adar nake nufi, ba ta Amarawa da ke tsallaken iyaka ba. A shekarar 1988 aka buɗe wani furoje na gyaran ƙasa a Badagishiri da kuɗin asusun FIDA, mai mazauni a birnin Rum. Takardar aikin ta tanadi jera duwatsu a gonaki domin tare ruwa, da haƙa rabin-wata. A 1989 shugabannin aikin suka ɗauki manoma 13 suka kai su Yatenga, a Burkina Faso, domin buɗe ido. A can manoman suka ga ramukan shuka da Mosawa ke kira zai, dabarar da Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a kanta. Abin bai zame musu baƙo ba, domin mutanen Adar sun gaji tassa daga kakanni. Sai dai ta Mosawa ta fi faɗi da zurfi, kuma ana zuba mata taki.

Aikin mai sauƙin bayani ne, mai wuyar yi. Tun da rani ake sarar fako, ƙasar nan da ta ƙeƙashe har ruwa ke gudu a kanta kamar bisa daɓe. A haƙa rami mai faɗin kamar taƙi guda, a tara ƙasar da aka fitar ta wajen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya kwanta cikin ramin maimakon ya wuce, hatsi ya tsiro inda shekara da shekaru ko ciyawa ba ta fita. Hekta guda tana cin dubban ramuka, duk da ƙarfin damtse.

Da suka komo gida, wasu daga cikinsu suka gwada a kan hekta 4. A 1990 aka yi hekta 70, kuma a shekarar damina ta yi gardama. Gonaki suka ƙone, amma inda aka yi tassa an samu abin kai wa rumbu. Gani ya kori ji: masu wucewa kan hanya suka riƙa tsayawa suna tambaya.

A nan ne shugabannin furojen suka yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Tassa ba ta cikin takardarsu. Suna da ikon su ce ba a tanada ba, su ci gaba da ƙidayar duwatsunsu, rahotonsu ya tafi Yamai da Rum babu tangarɗa. Sai suka juya akalar aikin suka bi sawun manoma. Malaman gona suka koma masu kai wannan ƙauye ya ga gonar wancan, masu auna amfanin da aka girbe, manomi kuma shi ne mai koyarwa. Ban ɗauki wannan ƙaramin abu ba. Injiniyan da ya yi shekaru yana karatun auna gangare ya yarda cewa ramin da ake haƙawa da hauya ya fi abin da ya zo da shi karɓuwa, sa'an nan ya rubuta haka ya aika wa na sama da shi, waɗanda za su iya tambayarsa ina hektocin da ya yi alkawari.

Zuwa 1995 tassa ta kai wajen hekta 3,800 a yankin. Awon da aka yi tsakanin 1991 da 1996 ya nuna gonar da ba a taɓa ba tana ba da kilo 125 a hekta, mai tassa da taki kuwa fiye da kilo 500. Fakon da a da ko kyauta ba mai so ya shiga kasuwa, ana saye ana sayarwa, samari kuma suka mai da haƙar tassa sana'ar rani. Wannan ma yana da nasa zafi, domin mai hali ne ke sayen fakon talaka ya ɗauki ƴan ƙwadago su gyara masa.

Wani zai ce ai ma'aikatunmu sun saba da canji. Gaskiya ne, idan daga sama ya sauko. Izinin siminti na Malbaza, da ya fara aiki a 1966, ya fita daga hannun gwamnati a 1998, daga baya kuma aka gina sabo kusa da shi mai ƙarfin tan 650,000 a shekara. Irin wannan canji da sa hannun minista da kuɗin masu jari yake zuwa, ba a neman yardar kowa, kowa kuma ya bi. Wanda ke taso wa daga ƙasa, daga bakin direba ko sakatariya ko mai gadin madatsar ruwa, shi ne ke mutuwa a ƙofar darakta. Na taɓa aiki ƙarƙashin wani shugaba da ke kiran taro kowace Litinin domin jin ra'ayinmu, alhali ya riga ya sa an buga sakamakon taron tun ranar Juma'a.

Furojen Badagishiri ya daɗe da rufewa, motocinsa sun zama tarihi, amma har yanzu ana haƙa tassa a Adar ba tare da wani ya biya ba. A ƙauyen Batodi, cikin ƙasar Illela, rijiyoyin da sai an zura guga mita 18 kafin a taɓa ruwa a 1994 sun dawo mita 4 a 2004, abin da masu bincike suka danganta da ruwan da ramukan ke shayar da ƙasa. Matan garin, da a da suke yini neman ruwan sha, sun kafa lambuna a bakin rijiyoyin.