Lilon Bayan Gida

Akwai abin da ya faru da ni a shekarar 2019 wanda na daɗe ina son in ba ku labarinsa, to amma kullum sai in ga kamar bai kai a ɓata muku lokaci ba, domin kuwa a kan lilon yara ne kawai. Sai dai wannan lilon ya sa mun yi kwana uku muna 'yar tsama da maigidana, kuma ya tono mini wani abu da na binne kusan shekara talatin.

A shekarar ne Allah Ya hore mana muka sayi gida a Kolombus, babban birnin jihar Ohayo ta Amurka, bayan mun daɗe muna zaman haya a saman bene. Gidan yana da fili a baya, kamar yawancin gidajen unguwar, kuma kusan duk katangar da ka leƙa za ka hango abin wasan yara na katako: lilo biyu ko uku, da tsani, da ɗan dandamali mai rufi a sama, da wurin sulu inda yara ke zamowa ƙasa. 'Ya'yana biyu, babbar mai shekara bakwai da autana mai huɗu, tun ranar da muka tare ba su da magana sai ta lilo.

Ana nan sai maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Baturiya mai kirki, ta ce mu ɗauki na gidanta kyauta, tun da yaranta duk sun girma sun watse. Ta ce marigayi mijinta ne ya haɗa musu shi da hannunsa tun 1998. Maigida ya shigo baki har kunne, ya ce, "Hajiya, kin ga ikon Allah ko? Abin da muke lissafin kuɗinsa ga shi an ba mu a banza." Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye muku ba, don ƙato ne, ya fi duk na unguwar tsayi.

Ranar Asabar ya ɗauko wani kafinta ɗan Zangon Kumasi da suke salla a masallaci ɗaya, don ya kwance mana shi. Bawan Allah nan ya zagaya shi sau biyu, sai ya durƙusa ya caka sukundireba a gindin wani ginshiƙi, daidai inda ya haɗu da ƙasa. Wallahi sai ta shige kamar an caka wa burodi. Ta sama katakon garau yake, amma shekara ashirin da ɗaya na ruwan sama da ƙanƙara sun cinye gindin. Daga nan ya nuna mana wani kore-kore a jikin katakon, ya ce, "Hajiya, wannan irin na da ne, mai guba."

Ashe a Amurka an daɗe ana dura wa katakon da za a yi aiki da shi a waje wani magani da ake kira CCA, don kada ya ruɓe ko gara ta ci. A cikin haɗin akwai asenik, guba ce da ke iya haddasa ciwon daji idan ta daɗe tana shiga jiki, kuma tana fitowa kaɗan-kaɗan a saman katakon ta manne wa hannu. To kun san yaro da kai hannu baki. A 2002 hukumar kare muhalli ta ƙasar, wato EPA, ta ba da sanarwar cewa masana'antun sun amince su daina, kuma daga ƙarshen 2003 aka bar yin irin wannan katako don gidajen jama'a da wuraren wasan yara. Ba a tilasta wa kowa ya rushe wanda yake da shi ba, an dai ce yara su riƙa wanke hannu bayan wasa, a riƙa shafe shi da man da ke toshe katako, kuma ko kusa kada a ƙone shi, don hayaƙin da tokar duk guba ne.

Nan muka saɓa da maigida. Shi yana ganin a canja ginshiƙan da suka ruɓe, a shafe sauran, shi ke nan. Babban abin da ya dame shi kunya ce: da wane ido zai kalli tsohuwar da ta ba mu aikin hannun mijinta ya ce ba ma so? Ya ce, "Mu da muka tashi muna lilo a reshen bishiya da igiyar guga, me ya same mu?"

Wannan tambayar ce ta sa na yi shiru na shige ɗaki, domin ni na san abin da ya same mu.

A Funtuwa aka haife ni, kuma a ƙofar gidanmu akwai wata darbejiya da muka ɗaura wa igiya. Ina 'yar shekara tara, wata rana da la'asar, ina tura ƙanina mai shekara shida, sai igiyar ta tsinke yana can sama. Ya faɗo a kan ƙasar da ƙafafunmu suka daɓe ta zama kamar siminti, hannunsa na dama ya karye a gwiwa. Aka kai shi wurin mai ɗori, ɗorin bai zauna daidai ba, har yau hannun ba ya miƙewa sosai. Kowa ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, tun da safe na ga igiyar ta fara warwarewa a inda take gugar reshe, na yi shiru don kada Baba ya kwance ta ban yi nawa ba.

A dare na uku na gaya wa maigida. Bai ce komai ba. Da gari ya waye shi da kansa ya je wurin tsohuwar. Abin mamaki, ko kaɗan ba ta ji haushi ba, hasali ma godiya ta yi, ta ce jikokinta na hawa idan sun zo hutu.

Daga nan na shiga bincike kamar mai shirin jarrabawa. Hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan da ake sayar wa jama'a a Amurka, CPSC, tana da ƙa'idojin wurin wasan yara na gida, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a ciki shi ne, mafi yawan raunin da yara ke samu daga faɗowa ne, don haka ƙasar da ke ƙarƙashi ita ce abin fara dubawa. Ciyawa ma ba ta isa kariya ba, saboda tana mutuwa ƙasa ta taurare, kamar dai gindin darbejiyarmu. Ana so a zuba ɓarɓashin katako mai kaurin inci 9 idan tsayin bai wuce ƙafa 7 ba, a bar fili ƙafa 6 ta kowane gefe babu katanga babu bishiya, gaba da bayan lilo kuma a bar ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye shi. Duk wata kafa, kamar tsakanin matakan tsani, ko dai ta gaza inci uku da rabi ko ta haura inci 9, don kada jikin yaro ya wuce kansa ya maƙale. An kuma hana ɗaura igiya da sa riga mai zariya a wuya, saboda shaƙewa. Da na karanta wannan sai na tuna dogon hijabin 'yata na Islamiyya, na kafa doka: a cire shi kafin a hau.

Batun katako kuwa, kafintan ya ce ko dai sida, wanda Allah Ya yi shi da jure ruɓewa amma yana da laushi, yana son a riƙa shafe shi, ko kuma katakon zamani da ake dura wa maganin jan ƙarfe babu asenik, shi kuma yana cin ƙusa, sai an sa masa noti mai rufin da ba ya tsatsa. Muka zaɓi sida, ɗan madaidaici, dandamalinsa ƙafa 4 kacal, aka kafe ƙafafunsa da turakun ƙarfe don kada ya ɗaga idan lilo ya yi ƙarfi. Kwasar adashina ta shekarar ce ta tafi a ciki, kuma kaso mai tsoka a ƙasa na zuba shi. Maigida har yau yana tsokanata, wai bai taɓa ganin wadda ta sayi shara da dala ba sai ni.

Ranar da aka gama, na kira ƙanina ta bidiyo na nuna masa yaran suna lilo. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce na gaya masa maganar igiyar ba, ina kuka. Ya yi shiru, can sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Haba Yaya! Ai ni ma na gani. Shi ya sa na riga ki hawa, kada ta tsinke ban yi ba."

Yanzu yaran sun fara girma, lilon ya koma na 'ya'yan maƙwabta da na baƙi, amma duk lokacin da sanyi ya wuce sai na fita da sukundireba na caccaka gindin ginshiƙan, na ɗaure notin da ya saki, na ƙara ɓarɓashi inda ƙafafu suka share. Ban ce hakan zai hana ƙaddara ba; autan nawa ma ya taɓa fasa goshi, a bakin ƙofar kicin kuwa. Ni dai abin da idona ya gani ba zan sake yin shiru a kansa ba.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana su. Amin.